Bin sawun mai zanen da ba ya sa takalmi

Kwana tara na yi a Ahmedabad, a jihar Gujarat ta Indiya, ban san komai na garin ba sai hanyar da ta tashi daga masaukinmu zuwa asibiti. Yayana na rako, za a yi masa aikin zuciya. Wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar da ba tasa ba ya san yadda abin yake: kujerar roba a bakin ɗaki, takardu a hannu, waya tana ta ƙara daga gida ana tambayar ya mai jiki, kai kuma kana cewa da sauƙi tun ba ka ga sauƙin ba. Ranar da aka fito da shi daga ɗakin kulawa ta musamman, ya buɗe ido ya dube ni, abin da ya fara cewa shi ne, "Auta, ka rame. Fita ka sha iska, ai ba kai aka yanka ba."

A bakin ƙofar asibitin na tare keke mai ƙafa uku, irin adaidaita sahunmu sak har ƙarar injin, sai dai nasu kore ne da rawaya. Dama namun ma daga Indiya ake kawo su. Direban dattijo ne mai gemu ja da lalle. Da ɗan Turancinsa, da 'yan kalmomin Hindi da na tsinta a silima tun ina yaro, na fahimtar da shi cewa tsohon gari nake so, inda zan yi Azahar in kuma sami shayi mai kyau. Muka haye kogin Sabarmati. Farkon Janairu ne, ana ta shirin bikin da suke yi ranar 14 ga wata, wanda kowa ke hawa saman soro yana tashin takarda mai launi da dogon zare, don haka gefen titi duk masu rina zare ne, hannuwansu jajir har gwiwar hannu.

Ya sauke ni a masallacin Sidi Saiyyed, kusa da Lal Darwaja. Ƙaramin masallaci ne, motoci na wucewa ta kowane gefe, amma tagoginsa ba ni da abin da zan kwatanta su da shi. Dutse aka sassaƙa har ya koma kamar saƙar leshi: bishiya guda, rassanta sun nannaɗe juna sun cika bakan tagar, haske yana shigowa ta tsakanin ganye. An gina shi tsakanin 1572 da 1573, kuma shi Sidi Saiyyed asalinsa Bahabashe ne, cikin 'yan Afirkan da suka yi aiki a daular Musulmin Gujarat. Na yi sallah a nan da wata irin natsuwa da na kwana biyu ban samu ba, ina tuna cewa wani baƙar fata ya riga ni zuwa garin nan da shekara 450, har ya bar abin da ake zuwa kallo daga ko'ina.

Shayin kuwa, direban ya ce a ƙafa za mu ƙarasa. Sunan wurin Lucky. Ina sa kai ciki na ja da baya, domin abin da na fara cin karo da shi kabari ne. Kaburbura ne a tsakanin teburan, an shafe su da koren fenti, kowanne an kewaye shi da ɗan shingen ƙarfe an ɗora masa furanni. Yaran shago suna ratsawa ta tsakaninsu da farantai, mutane suna zaune suna tsoma burodi mai man shanu a shayi suna hirarsu. Ga kututturen darbejiya ya taso daga cikin ɗakin ya huda rufi ya wuce. Tsohuwar maƙabartar Musulmi ce. Tun wajen 1950 aka fara sayar da shayi a gefenta, da ciniki ya buɗe sai aka yi gini aka rufe wurin, aka bar kaburburan a inda suke. Na yi wa mamatan sallama kamar yadda aka koya mana, na nemi kujerar da ta fi nisa da su. Gaskiya raina bai kwanta da abin ba, har yau ma bai gama kwanciya ba, domin mu a wurinmu maƙabarta wurin tuna lahira ce. Amma na lura ba mai tsallaka kabari, ba mai jingina da shi, kuma aka ce mini kullum da safe sai an goge su an sauya furanni.

Ina cikin kurɓar shayin idona ya kai kan bango. Wani zane ne rataye: raƙuma, rairayin sahara, gini kamar na ganuwa, da kalmar shahada da rubutun Larabci. Layin zanen ne ya riƙe ni. An ja shi da bugu ɗaya, ba gyara, ba komawa baya, wanda ya ja shi bai yi kokwanto ba ko kaɗan. Na san irin wannan hannun, don a gidan mai fenti na tashi.

Direban ya ga na miƙe na ƙura wa bango ido, sai ya ce, "Husain sahab," ya nuna ƙafarsa ya yi alamar cire takalmi. Mai karɓar kuɗi ya ƙarasa mini bayanin. Maqbool Fida Husain ne, mai zanen da ya fi kowa suna a Indiya a zamaninsa. In ya shigo Ahmedabad nan yake zuwa shan shayi, ƙafa ba takalmi, da farin gemunsa, da dogon burushi a hannu kamar sandar dogarawa. Shi ya zana wannan ya ba mai shagon kyauta, ga shi nan har yau a inda talaka ke shan shayi.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sana'arsa ke nan a Kano, rubuta allon shago da yi wa manyan motoci ado. Zaki a bayan gingimari, gaggafa ta buɗe fukafukai, dabino biyu sun gitta juna, sannan a ƙasa a rubuta "Haƙuri maganin duniya". Yaya ne ke riƙe masa gwangwanin fenti, ni kuma wankin burushi da kananzir ne aikina. Mai fenti ake ce masa, shi ma haka ya ɗauki kansa har ya koma ga Allah. Da na koma masauki a daren nan na zauna da waya ina karanta tarihin Husain, ban runtsa ba sai gab da Asuba. Abin da ya hana ni barci shi ne ganin cewa shi ma daga bakin titi ya faro.

An haife shi a 1915 a Pandharpur, wani garin ziyarar mabiya Hindu a jihar Maharashtra ta yanzu, a gidan Musulmi 'yan Bohra, wani reshe na Shi'a. Bai cika shekara biyu ba mahaifiyarsa Zainab ta rasu. A Indore ya girma, inda mahaifinsa ke aiki a masaƙa. Kakansa mai ƙera fitilu ne da gwangwani, shi ya sa fitila ke yawan leƙowa a zanensa. An turo shi karatun addini nan Gujarat, a Siddhpur da Baroda, can hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, ya koyi yadda ake jan harafi a ba shi haƙƙinsa. Da ya zama saurayi, a shekarun 1930, ya tattara ya tafi Bombay ba shi da ko sisi, ya shiga zanen allunan tallan fim.

Wannan sana'ar sai an yi mata bayani, don 'yan yanzu ba su san ta ba. A wancan zamanin ba inji ke buga manyan hotunan talla ba. Mutum ne zai hau katako ya zana fuskar jarumi mai tsayin bene, a biya shi 'yan kwabbai a kan kowace ƙafa ta allon. Aikin yana son sauri, domin ranar fitowar fim ba ta jiran kowa, yana son launi mai ƙarfi, yana son layin da mai wucewa zai gane daga ƙetaren titi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar Plaza ko Marhaba ko Orion a Kano yana kallon fostar fim ɗin Indiya kafin ya yanki tikiti, ya taɓa cin moriyar sana'ar da Husain ya fito daga cikinta. Bayan ya yi aure a 1941 ya koma wani shagon kayan ɗakin yara yana tsara gadaje da kayan wasa na katako, saboda albashi ya fi tabbas ga mai iyali. Sai a 1947, shekarar da Indiya ta sami 'yancin kai, wani mai zane, Francis Newton Souza, ya ga aikinsa a wani baje koli ya jawo shi cikin ƙungiyar Progressive Artists' Group, tare da su S. H. Raza da K. H. Ara. Samari ne da suka gaji da salon da makarantun Turawan mulki ke koyarwa, suna neman hanyar da sabuwar ƙasa za ta zana kanta da ita. Shi Ara ɗin wankin mota yake yi kafin a san shi.

Washegari na kwashe labarin na ba Yaya. Ya saurara ido a lumshe, hannu a kan ɗinkin ƙirjinsa. Can ya ce, "Da Baba ya sami wanda ya ja shi haka..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce komai ba.

Bayan kwana uku, da la'asar, dattijon mai keke ya kai ni wani wuri a unguwar jami'a da ake kira Amdavad ni Gufa, wato kogon Ahmedabad. Daga waje ba ka ganin gini. Wasu ƙubbobi ne farare suka ɓullo daga ƙasa kamar ƙoƙon bayan kunkuru, an lulluɓe su da fasassun kofuna da farantan tangaran, an bi ta kansu da hoton wani baƙin maciji mai tsawo. Kowace ƙubba tana da wani abu kamar hanci da ke zura haske ciki. Husain ne da abokinsa magini Balkrishna Doshi suka yi shi tsakanin 1992 da 1995. Doshi shi ne Ba'indiye na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar masu tsara gini ta duniya, a 2018. Ƙarƙashin ƙasa suka nutsa ginin saboda zafin garin, rufin kuma ragar waya ce da siminti, kaurinsa bai wuce inci ɗaya ba, leburori ne suka shafe shi da hannu.

Na sauka matakala na shiga. Sanyi ya fara tarbata, sannan duhu, sannan a hankali ido ya buɗe. Babu bango miƙaƙƙe ko ɗaya. Ginshiƙai sirara ne, kowanne ya karkata gefensa kamar itatuwan kurmi, kuma ba a rataye zane a ko'ina ba, jikin ginin kansa aka zana. Mutane, dabbobi, ja da shuɗi da rawaya da baƙi, sun bi lanƙwasar bango sun haye rufi. Hasken da ke saukowa ta hancin nan yana yin da'ira a ƙasa, yana matsawa yadda rana ke tafiya. Na cire takalmina ba wanda ya ce in cire. So nake in ji abin da tafin ƙafarsa ya ji a wurin.

A nan na fara gane dawakinsa, waɗanda na kwana ina kallo a waya. Ba abin da aka san Husain da shi kamar doki. Yana yaro a Indore yakan ga jerin gwanon Muharram, inda ake fito da dokin da suke kira Duldul, an ƙawata shi don tunawa da dokin Imam Husaini. Da ya je ƙasar Sin a 1952 ya ga yadda wani mai zanen ƙasar, Xu Beihong, ke fitar da doki da tawada. Daga baya nasa suka zama nasa shi kaɗai. Ni da na tashi ina hawa katanga don kallon Hawan Daushe, doki a wurina abin ado ne: lifidi, jalala, linzami mai azurfa, mahayi da rawani da alkyabba. Dawakin Husain galibi tsirara suke, ba sirdi ba mahayi, wuya a murɗe, baki a buɗe, haƙora waje, ƙafafu kamar an sare su da gatari. Da farko na ga kamar bai gama su ba. Sai na tuna lokacin jahi, sa'ad da mahaya suka sako dawaki a guje suka ja linzami a gaban Sarki. A wannan ƙiftawar idon ba ka ganin lifidi ko ado, ƙarfi kawai kake gani da ƙura da wuyan da ya lanƙwashe. Wannan ƙiftawar idon ita mutumin nan ya yi shekara sittin yana kamawa. Mai zanen da ya tsaya ƙirga gashin wutsiya ba zai taɓa kama ta ba, sai wanda aikin allon silima ya koya wa hannunsa gudu.

Wani abin da ya taɓa ni shi ne matan da yake zanawa. Da yawansu ba su da fuska. Akwai jerin zanen da ya yi na Mother Teresa, farin mayafi mai shuɗin baki, jariri a cinya, amma inda fuska za ta kasance duhu ne kawai. Masu nazarin aikinsa suna danganta wannan da uwar da ta rasu bai riƙe kamanninta ba. Na san abin da malamanmu suka faɗa a kan zanen mai rai, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. Baba ma a ƙarshen rayuwarsa, bayan wani malami ya yi masa nasiha, ya daina zana mutum da dabba, ya tsaya a kan furanni da dabino da rubutu. Amma maraya ɗan shekara saba'in da yake ta zana mayafin uwa ya kasa cike fuskar, wannan ko wane ne kai sai ka ji shi a ƙirjinka.

Wani ɗalibin tsara gini da na tarar zaune a bakin kogon yana zane a littafinsa shi ya buɗe mini ɗaya ɓangaren labarin. Ya nuna mini wajen da ɗakin baje koli yake, ya ce a watan Oktoba na 1996 'yan Bajrang Dal, wata ƙungiyar Hindu masu tsattsauran ra'ayi, sun fasa wurin sun lalata ayyukan Husain da ke ciki. Musabbabin shi ne wata mujallar Hindi da ta tono wani tsohon zanensa na shekarun 1970, inda ya fitar da Saraswati, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, ba tufafi. Daga nan ƙararraki suka yi ta sauka a kotunan garuruwa daban-daban. A 1998 aka kai hari gidansa na Mumbai. A 2006 wata sabuwar wutar ta tashi a kan zanen wata mace tsirara da jikinta ya yi siffar taswirar Indiya, sai ya bar ƙasar yana da shekara 90. Babbar Kotun Delhi ta yi watsi da wasu daga cikin ƙararrakin a 2008, Kotun Ƙoli ma a shekarar ta ƙi yarda a gurfanar da shi, amma bai dawo ba. Ya yi ta zama tsakanin Dubai da Landan da Doha. A 2010 ya karɓi zama ɗan ƙasar Katar, kuma tunda Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, dole ya miƙa fasfonsa. Ya rasu a Landan ranar 9 ga Yuni, 2011, aka binne shi a maƙabartar Brookwood a Ingila.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba. Da ni ne, ba zan zana abin bautar wasu tsirara ba, ko da kuwa tsoffin gidajen bautarsu suna cike da irin wannan sassaƙar, kamar yadda masu kare shi suka yi ta nunawa. Mun san zafin da muke ji in aka taɓa namu. Shi kansa ya ɗanɗana daga ɓangaren 'yan'uwansa Musulmi, domin a 2004 wasu ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi a kan wata waƙa a fim ɗin da ya shirya, suka ce an ɗauko kalmominta daga Alƙur'ani, shi kuma ya janye fim ɗin daga silima. Amma mutumin da ya yi shekaru yana zana labaran Ramayana da Mahabharata, manyan littattafan Hindu, da ƙauna, wanda a garin ziyararsu aka yanke cibiyarsa, a ce maƙiyinsu ne, wannan ban yarda da shi ba. Kuma ko laifi ya yi, akwai kotu, kotun kuma ta yi magana. Fasa gida da korar tsoho ɗan shekara casa'in daga ƙasar haihuwarsa har ya mutu a wata uwa duniya, wannan zalunci ne, kuma ya dame ni ƙwarai a matsayina na wanda ya kawo ɗan'uwansa jinya nesa da gida, kullum yana roƙon Allah ya sa da ƙafarsa zai koma.

Da aka sallami Yaya ya koma masauki, ɗansa da ke karatu a Gujarat ya zo ya karɓe ni zaman jinyar na kwana biyu, ni kuma na hau jirgin ƙasa zuwa Mumbai. Tafiyar kusan kilomita 490 ce. Muka wuce Baroda, wadda yanzu ake kira Vadodara, na leƙa ta taga ina tunanin ɗan almajirin da ya koyi jan harafi a nan. Muka haye kogin Narmada, muka wuce Surat, masu shayi suna ta kai da komo a cikin tarago. Ina fita daga tashar Mumbai Central na ga silimar Maratha Mandir, wadda tun 1995 take nuna fim ɗaya na Shah Rukh Khan. Na tsaya na ɗauki hoto don mutanen gida, na san za su fi murna da wannan a kan duk abin da na zo nema.

Abin da na zo nema yana Grant Road, tafiyar ƙafa daga tashar. A wannan yankin Husain ya zauna lokacin da yake zanen allunan fim. Lunguna ne cunkushe, shagunan kayan lantarki, gidajen haya masu barandar katako, ƙamshin nama da turare, tsofaffin silimu da fentinsu ya kwaile. Na yi ta ɗaga kai ina duba allunan talla. Duk wanda idona ya sauka a kai roba ce da inji ya buga. Abin da ya kashe kasuwar Baba ke nan a Kano, ranar da masu shago suka gane za a buga musu bana a yini ɗaya da rabin kuɗin mai fenti. Na zauna a wani ɗan shagon shayi na daɗe, raina a jagule.

Da yamma na gangara Kala Ghoda. Ma'anar sunan baƙin doki, daga wani mutum-mutumin Sarki Edward na Bakwai a kan doki da aka cire a 1965. A 2017 aka kafa wani sabon dokin, wannan karon ba mahayi. A nan gidan baje kolin Jehangir yake, wanda aka buɗe a 1952, kuma shiga kyauta ce. Na zaga ciki, amma waje ya fi riƙe ni, inda masu zane ke jera aikinsu a gefen titi suna jiran mai saye. Wani dattijo a cikinsu, yatsunsa duk fenti, ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya, kuma ɗan mai fenti ne ni. Ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza, ya matsa mini a kan tabarmarsa. Na sayi ɗan ƙaramin zanen doki a wurinsa, ban taya ba.

Ɗaukakar da Husain ya samu a tsakanin Grant Road da gudun hijira ba ta ƙirguwa a nan. Gajeren fim ɗinsa na farko ya ci lambar zinariya a bikin fina-finai na Berlin a 1967. A 1971 aka gayyace shi baje kolin São Paulo a Brazil tare da Picasso. An naɗa shi ɗan majalisar dattawan Indiya a 1986, inda yakan zauna yana zana 'yan majalisa suna muhawara, a 1991 kuma aka ba shi Padma Vibhushan, lambar girmamawa ta biyu mafi daraja a ƙasar. Har fim ya shirya wa Madhuri Dixit a 2000, saboda tsabar yadda take burge shi.

Labarin da ya fi zauna mini shi ne na wani zane da ya yi a 1954, wanda ake kira Gram Yatra, wato zagayen ƙauye. Tsawonsa ya kusa ƙafa 14, an raba shi gida 13, kowane gida da wani abu na rayuwar karkara. Wani likitan tiyatar ƙirji daga Norway, Leon Volodarsky, da ya zo aiki Delhi a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ya saye shi ya tafi da shi, daga baya ya bar wa asibitin jami'ar Oslo. Shekaru da dama yana rataye a can, duniyar masu zane ta manta da shi. A watan Maris na 2025 aka yi gwanjonsa a New York a kan dala miliyan 13.75, kuɗin da a lokacin babu zanen Indiya na zamani da ya taɓa kaiwa. Na karanta wannan ina zaune a barandar asibiti ranar da muka mayar da Yaya a duba ɗinkinsa. Kuɗin bai tsaya mini a rai ba kamar ma'aikata da masu jinyar da suka yi ta wucewa ta gaban ƙauyen nan na Indiya a ƙasar ƙanƙara. Na ɗaga kai na dubi bangon da ke gabana, fari fat, ba komai sai agogo.

Ta Doha muka biyo a hanyar dawowa. Sa'a biyar muka yi a filin jirgi, Yaya a keken marasa lafiya, bargo a cinyarsa. Na gaya masa cewa a garin nan, a ƙarshen 2025, an buɗe gidan adana ayyukan Husain, kuma sunan da aka sa masa Lawh wa Qalam.

"Allo da alƙalami," in ji Yaya.

Ya miƙo hannu. "Ba ni hoton nan na shagon shayi in gani."

Na buɗe na ba shi. Ya sa tabarau, ya ja hoton da yatsa biyu har rubutun ya cika fuskar wayar, ya daɗe yana bin harafin da ɗan yatsansa.

"Auta, dubi lam'alif ɗin nan. Wannan ya sha tawada kafin ya taɓa fenti. Haka Baba yake jan nasa, daga sama, da numfashi ɗaya." Ya yi shiru. "Burusansa suna nan?"

Na ce suna ɗakin Inna, cikin tsohuwar akwatin ƙarfe, a naɗe da tsumma.

"In Allah ya kai mu gida ka fito mini da su."

Aka kira jirginmu, na saki birkin keken na tura shi.